Ramuka Uku a Jikin Kwale-kwale

"Yarinyar nan hannunta ba ya ƙarya. Shi ya sa ba zan sake ta yanzu ba."

Baba ne ya faɗa wa abokinsa Mai Fenti haka, a bakin rumfar da ke bayan gidanmu. Ni kuwa ina durƙushe a ƙarƙashin kwale-kwalen, ina neman murfin gwangwani da ya gangara. Jirgin a kife yake a kan benci biyu, duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa ƙafarsa kawai ake gani, tawa kuma buhun garin katako ya kare ta. Mai Fenti ya yi dariya ya ce, "Kai dai kafinta ba ka da kirki." Suka wuce ƙofar gida suna wata hirar daban.

Na daɗe a wurin da murfin a hannuna.

Wai hannuna ba ya ƙarya. Ni dai ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Abin da nake ji kullum da safe shi ne, "Uwata, nan bai yi ba." Sai ya ɗauko fensirinsa mai kauri ya zana da'ira a jikin katakon. "Nan ma bai yi ba. Ki sake."

Baba kafinta ne, shekara talatin yana yin ƙofofi da gadaje. Da ya bar shago sai ya ce shi kwale-kwale zai yi wa kansa, ya riƙa shiga tafki kamun kifi. Bai taɓa yin jirgi ba. Umma ta ce mutumin da ko a baho tsoron ruwa yake ji, wane kifi zai kama? Bai kula ta ba. Ya yanka katako siri-siri, ya lanƙwasa, ya jera su ɗaya gefen ɗaya da gam, har abin ya fito da kamar jirgi. Da aka zo wajen goga sai ya ce bayansa na ciwo. Ni kuma na gama sakandare ina zaune a gida, aikin ya faɗo kaina.

Gogar jirgi ba irin ta tebur ba ce. Santsi kaɗai ba ya isa. Ana so ne daga hanci har wutsiya jikin ya tafi sumul, babu tudu babu rami, don ruwa ya bi shi ba tare da tuntuɓe ba. Baba ya yi min dogon allo, tsawon hannuna, ya manna masa samfefa a ƙasa, ya sa mariƙa biyu a sama. Da shi ake goga, a karkace, tun daga kafaɗa. Dogon allo yana cin tudu ne kawai, ya tsallake rami. Inda ya tsallake sai a cika da foti, wato gam da garin katako da muke kwaɓawa kamar ƙullu, a bari ya bushe, a sake bi. Sannan a kwantar da siririyar sanda a jikin jirgin, a sunkuya a duba ko haske na ratsawa ta ƙarƙashinta. Na ƙarshe shi ne hannu.

"Rufe idonki," haka ya koya min. "Ido zai ce miki ya yi. Ki tambayi tafin hannunki."

Ya kuma ja min kunne a kan abu ɗaya: kada in kuskura in naɗe guntun samfefa in goga wuri ɗaya da yatsa. "Yatsa rami yake haƙawa," in ji shi.

Wata biyu na yi a kan jirgin nan. Ƙura a gashina, ƙura a hancina, har a cikin kunne. Ban damu ba, don ina son aikin. Ba ni da yawan magana, katako kuma ba ya tambayar mutum me ya sa ya yi shiru.

Ana nan takardata ta zo. Na samu shiga makarantar koyon aikin jinya a babban gari, amma akwai fom da sai mahaifi ya sa hannu, za a kuma rufe rajista ranar Litinin ta ƙarshen wata. Baba ya karanta, ya ce madalla, ya ninke fom ɗin ya danne shi da rediyo.

"Mu shafa wa jirgin nan fentin farko tukuna, sai in sa hannu ki tafi."

A lissafina kwana uku ya rage mu kai ga fenti. Washegari ya fara zana da'irori.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, sai ya ce in ajiye dogon allon. "Wannan ɗan wuri ne, ki bi shi da guntu." Guntun da shi da kansa ya hana ni. Na dube shi, ya kau da kai. Ni kuma ba na iya musu da shi, tun ina ƙarama in ya ɗaga gira bakina mutuwa yake yi. Na naɗe samfefa, na sa yatsa, na goga inda ya ce. Gobe ya zana wasu. Akwai wurare uku a gefen dama da kusan kullum sai ya koma musu.

Kwana goma sha ɗaya muna haka. Ranar Alhamis na ji maganar nan a ƙarƙashin jirgi.

Na samu Umma a kicin tana wanke kofuna.

"Umma, ki yi masa magana mana. Saura kwana huɗu."

"Ki bi shi a hankali."

"Wata biyu ina bin shi a hankali. Ya san aikin ya yi, da kunnena na ji yana faɗa."

"Laɓe kika fara kuma?"

"Murfi nake nema."

Ta ɗauraye kofin Baba, babban nan na ƙarfe, ta kife shi. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "Miƙo min tsumman can."

Kofin nan na ƙarfe, in an zuba shayi ni sai da tsumma nake ɗaukarsa. Baba kwanan nan rungumarsa yake da hannu biyu kamar ruwan sanyi ne a ciki. Na kuma ga Umma tana ɓalla masa maɓallan riga da safe, suna jin motsina ta janye hannu. Akwai ranar da na ga jan layi a jikin jirgin, na ce, "Baba, jini." Ya ce, "A ina?" Babban yatsansa ne ya tsage, bai sani ba. Duk na ga waɗannan. Ni mai gani ce, aikina ke nan a gidan nan, in zauna a gefe in gani. Amma na tattara su na tura can bayan kaina, don ba na son inda za su kai ni. Haushi ya fi min sauƙi.

Ranar Juma'a ya zana biyar. Yana fita na ɗauko sandar na kwantar a kan biyu sababbi. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Na rufe ido na shafa, sumul. Tsofaffin ukun ban ma gwada su ba, don na riga na yanke cewa duk ƙarya ce. Na dai goga su kamar yadda ya ce, da ƙarfi, da haushi, har yatsana ya yi ja. Ina goga ina faɗa masa magana a zuci, maganganun da ko a mafarki ba zan iya furta su ba. Kana da baki a gaban abokinka, a gabana ba ka da shi? Ka yabe ni a bayan ido, ka kushe ni a gaban ido, don in zauna ina shaƙar ƙura? In ba ka so in tafi, ka ce ba ka so. Me jirgi ya yi maka da za ka laɓe a bayansa?

Asabar da safe suka fita shi da Umma, wai ganin likita saboda bayan nan nasa. Suna karya kwana na sa mayafi na nufi shagon Mai Fenti.

Shagon ɗan ƙarami ne, gwangwanaye har rufi, warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, yana dukan mutum tun daga titi. Na same shi yana wanke buroshi a cikin tsohuwar roba.

"A'a, 'yar kafinta! Yau kurma ta fito gari?"

"Ina kwana, Kawu. Rolar shafa fenti nake so ka ara min."

"Rola? Tsohon ya yarda a shafa ke nan? Ai na zaci sai mun mutu jikokinmu su shafa."

Na sunkuyar da kai. Ya daina wankin.

"Bai sani ba," na ce. "Kawu, na ji abin da ya faɗa maka ranar Alhamis. Ina ƙarƙashin jirgin."

Ya goge hannunsa a jikin wando, ya daɗe yana gogewa.

"To ki tambaye shi mana."

"Me zan tambaye shi?"

"Ke kika sani. Ni fenti na sani." Ya miƙo rolar da ƙaramin buroshi. "Amma bari in faɗa miki. Mutane suna zaton fenti rufa asiri yake yi. Na farkon nan tonawa yake. Katako yana da zane-zane, ido yana ɓata a ciki. Kina shafa masa launi ɗaya, duk abin da ke jikinsa zai fito ya gaishe ki. Kin shirya?"

"Babu komai a jikinsa."

"To, Allah ya sa. Ki share ƙurar sosai, kada ki cika shi da tina. Rolata kuma ki wanke min ita, ba irin wankin ubanki ba."

Gwangwanin fentin wata guda ke nan yana kusurwar rumfa. Na share jirgin da tsintsiya mai laushi, na bi da tsumma mai ɗan danshi, na jira ya sha iska. Na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Na ɓalle murfin da sukundireba, na juya da sanda har kaurin da ya kwanta a ƙasa ya narke. Toka-toka ne, launin sararin sama in hadari ya haɗu.

Wallahi na ji daɗin shafar farko. Da gangan na fara da gefen dama. Rolar ta bi ta kan da'irar farko, ta haɗiye ta. Ta biyu. Ta uku. Ina bi ina cewa, to zana mana, zana in gani. Na bi da buroshi a hanci da wutsiya inda rola ba ta shiga. Kafin azahar na gama, jirgin ya koma abu guda, kamar wani babban kifi da aka kifar. Na wanke kayan Kawu, na ja labulen buhu a bakin rumfar, na je na yi wanka. Na zare fom ɗina daga ƙarƙashin rediyo, na ajiye shi a kan bencin aiki da biro a kai.

Bayan la'asar na dawo in duba ko ya bushe. A lokacin nan rana takan sauko ta shigo rumfar ta gefe, ta kwanta a jikin jirgin. Na yaye labulen.

Suna nan su uku, a gefen dama. Ramuka, kowanne kamar an danna gindin kofi a cikin laka, inuwa ta taru a cikinsu. Ko makaho aka kawo sai ya yi tuntuɓe da su. Daidai wuraren da ya yi ta zagayewa, daidai inda na yi ta sa yatsa kwana goma sha biyu. Sauran jikin kuwa, daga hanci har wutsiya, babu abin da za a nuna.

Na sa tafin hannu a babban. Katakon wurin ya yi siriri har yana ɗan lotsawa.

Jirgin ya riga ya yi tun makonni biyu da suka wuce. Ni na ɓata shi, da hannuna, don an ce in ɓata ban iya cewa a'a ba. Na rasa wa zan fi jin haushi. Na ɗauki guntun samfefar nan na yi jifa da shi, abin haushi ko nisa bai yi ba, ya faɗo a gabana.

Ina tsaye na ji buɗe ƙofar gida. Warin fenti ya riga ni ba da labari. Baba ya shigo rumfar da ledar magani a hannu, Umma ta tsaya daga baya.

Ya dubi jirgin. Ya dube ni. Ya ɗaga girar nan.

"Wa ya ba ki izini?"

Bakina ya so ya mutu kamar kullum. Ban bar shi ba.

"Ka ce in an shafa za ka sa hannu. An shafa. Ga fom can."

"Da ni kike magana haka?"

"Jibi Litinin, Baba."

"Ke!" in ji Umma.

"Bar ta," ya ce. "Ta zama babbar kafinta. An shafa a kan aikin da bai yi ba, sai a kankare. Bari in nuna miki."

Ya ba Umma ledar. Yana tsaye ne ta wajen hanci, rana a fuskarsa, daga nan ba a hango gefen dama sosai. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin jirgin, ya rufe ido kamar yadda ya koya min, ya fara takowa a hankali yana shafa. Na ja baya na ba shi hanya. Na ce a raina, zo, zo ka ji abin da ka sa na yi.

Hannun ya iso ramin farko. Ya bi ta kansa ya wuce.

Na zaci raini ne. Ya iso na biyu, babban, wanda ɗan yaro ma zai ji. Na ga yatsunsa huɗu sun faɗa ciki sun fito. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya wuce na uku. Can kusa da wutsiya, a wurin da na fi alfahari da shi a duk jikin jirgin, ya tsaya ya bubbuga.

"Nan. Kin ji? Nan bai yi ba."

Ya laluba aljihu ya ciro fensir. Sai yau na kalli yadda yake riƙe shi da kyau. A dunƙule, cikin tafin hannu, kamar ɗan da aka kai makaranta jiya. Mutumin da yake ja layi a katako ba tare da ma'auni ba. Haka zai riƙe biro in zai sa hannu a fom, a gabana.

"Baba, buɗe idonka. Zo ta nan ka duba."

Ya zagayo inda nake. Rana ta nuna masa su ukun a jere. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi tafin hannunsa, ya sake duban ramukan, sai ya mayar da hannun bayansa.

"Foti zai cike su," ya ce a hankali. "Kwana biyu ne. Ko uku."

Ko uku. Nan ne raina ya ɓaci. Har yanzu jirgi! Ya gwammace ya ce aikina ne bai yi ba, kullum, kwana goma sha biyu, ya gwammace in haƙa rami a abin da muka yi wata biyu muna yi, ya gwammace Litinin ta wuce ni ina ganin laifina ne, da ya buɗe baki ya faɗa min abu ɗaya. Umma ma ta sani, tana ta miƙo min tsumma. Kawu ma ya sani. Ni ma da nake ta hura hanci, ai na sani. Tun ranar jinin nan na sani. Na ƙi tambaya ne don in ya amsa, ban san yadda zan ɗauki jaka in bar gidan ba.

Na matsa na kamo hannun daga bayansa. Ban taɓa yi ba tun da na girma. Ya so ya janye, na riƙe. Na ɗora shi a cikin babban ramin na danne da nawa. Ya kau da kai yana kallon gwangwanaye a kusurwa. Na sa farcena a kan tsokar yatsansa na tsakiya, na danna. Na ƙara dannawa, har wurin ya yi fari, har ni na ji zafin a nawa farcen.

Bai ko ƙifta ido ba. Yana ta kallon gwangwanaye.

Umma ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Iska ta ɗan ɗaga fom ɗin a kan benci, biron ya gangara ya tsaya a jikin guduma.

"Sakar min hannu, Uwata. Fentin bai gama bushewa ba."

Ban saka ba.

"Baba," na ce, "tun yaushe hannunka ya daina ji?"